Me ya sa har yau ake maganar Dallas?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kawuna ba ya gajiya da labarin wani tsohon wasan kwaikwayo na Amurka mai suna Dallas, wai a zamaninsa komai tsayawa yake cak idan za a nuna shi. Na nemo kashi biyu na kalla, ni dai ban ga abin a-zo-a-gani ba. Me ya bari a baya da ake ta ambatonsa?

Amsa: Barka kadai, ɗana. Abin da ya hana shi burge ka shi ne, duk dabarun da ya yi suna da su ka riga ka saba ganinsu a wajen waɗanda suka kwaikwaye shi.

Tashar CBS ce ta fara nuna shi ranar 2 ga Afrilu, 1978, aka rufe a watan Mayun 1991 bayan kashi 357. Labarin iyalin Ewing ne, attajiran man fetur da shanu a jihar Teksas, da tsohuwar gabarsu da gidan Barnes. An buɗe wasan da ƙaramin ɗan gidan, Bobby, ya auro Pamela, 'yar abokin gabar ubansa, ya kawo ta gidan gonarsu na Southfork. Kafin nan, labari mai dogon zango a Amurka galibi abin kallon rana ne. Wasannin dare kuwa kowane kashi da kammalallen labarinsa. An taɓa gwada irinsa da dare a shekarun 1960 da Peyton Place, amma Dallas ne ya nuna wa masu tashoshi cewa akwai kuɗi a ciki. Nan da nan sai ga Knots Landing a 1979, wanda reshensa ne, sai Dynasty da Falcon Crest a 1981.

A ganina babban gadonsa J.R. ne, yayan Bobby, wanda Larry Hagman ya fito a matsayinsa. Mugu ne na ƙin ƙarawa: ya cuci matarsa, ya cuci ƙaninsa, ya cuci abokan kasuwancinsa, kuma duk yana yi yana murmushi, ga malafa a ka. Da farko ba shi aka tsara ya zama tauraro ba. Masu kallo ne suka nace masa, suna zaginsa suna jiran fitowarsa. Duk wasan da ka gani yau da mugu ne ke jan ragamar labarin, akwai ɗan bashin J.R. a kansa.

Sai batun harbin. Ranar 21 ga Maris, 1980, a kashin ƙarshe na zangon wasan na shekarar, J.R. yana ofis shi kaɗai da dare. Ya ji motsi, ya leƙo waje, sai aka ɗirka masa harsashi biyu, ya faɗi. Ba a nuna fuskar mai harbin ba, aka tafi hutu. Matsalar ita ce kusan kowa a wasan yana da dalilin kashe shi. Ga Hagman yana jayayya da kamfani kan kuɗin aikinsa, ga yajin aikin 'yan wasa da ya jinkirta dawowa, jira ya kai wata takwas. Aka buga riguna, aka yi ta caca a Ingila kan wanda ya yi. Ranar 21 ga Nuwamba da aka warware, mutum wajen miliyan 83 ne suka kalla a Amurka kaɗai, kuma ba a karya wannan tarihin ba sai 1983. Tun daga nan rufe zango da barin mutane cikin zulumi ya zama al'ada.

Wasan ya kuma bar darasin abin da bai kamata a yi ba. An kashe Bobby a 1985, kallo ya ja baya, sai a 1986 Pamela ta farka daga barci, ta buɗe ƙofar banɗaki, ta tarar da shi yana wanka yana mata barka da asuba. Wai zango guda cur mafarki ne. Har yau marubuta na yi wa juna ba'a da wannan, kuma ban ga laifinsu ba.

A waje kuwa, wasu na ganin tallar jari-hujjar Amurka ce kawai. Amma da masana biyu, Elihu Katz da Tamar Liebes, suka zauna da masu kallo a Isra'ila, Larabawa da Yahudawan Maroko da 'yan Rasha, sai suka tarar kowane rukuni da ma'aunin gidansu yake auna labarin. Ni a nawa ganin, rikicin gado da kishin 'yan'uwa ne suka kai shi ko'ina, ba rijiyoyin mai ba. Duk da haka a Japan bai karɓu ba. A Romaniya kuwa, bayan faɗuwar gwamnatin gurguzu, wani attajiri kwaikwayon Southfork ya gina a garin Slobozia.

An farfaɗo da Dallas a tashar TNT a 2012, Hagman ya rasu a watan Nuwamban shekarar a birnin Dallas, wasan ya tsaya a 2014.

Wadda ta yi harbin kuwa Kristin ce, ƙanwar matar J.R., wadda kuma farkarsa ce. Tambayi kawunka wa ya zarga a lokacin.