Dalilin Karanta Ishaya a Ranar Godiyar Kaka

Ɗiyata, na sami saƙonki, kuma na yi murna da jin kina lafiya. Kin tambaye ni abin da ya sa a ranar godiyar kaka, bayan an jera damunan dawa da buhunan masara a gaban majami'a, ake haɗa karatun Farawa da na annabi Ishaya, alhali a ganinki maganar annabawa ta shafi ƙarshen duniya ne, ba ruwanta da noma. Kin kuma ce tun da yanzu aikin ofis kike yi a Jos, ba ki da ko kunya ɗaya ta gona, kina jin kamar al'adar ta wuce ki.

Sai mu fara daga inda Littafi Mai Tsarki ya fara. A Farawa sura 1 aya 28, Allah ya sa wa mutum albarka, ya ce su hayayyafa, su cika duniya, su mallake ta, sannan a sura 2 aya 15 ya sa Adamu cikin gonar Aidan domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Ki lura da kyau cewa an ba shi wannan aiki tun bai yi zunubi ba. Mutane da yawa suna ɗauka noma horo ne, amma abin da zunubi ya kawo a sura 3 shi ne ƙaya da sarƙaƙƙiya da gumin goshi, aikin kuwa yana nan tun kafin su.

To, idan kika buɗe Ishaya sura 65 daga aya 17, inda aka yi alkawarin sabuwar sama da sabuwar ƙasa, za ki tarar annabin bai kwatanta mutane zaune hannu rabbana ba. Ya ce za su gina gidaje su zauna a ciki, su dasa gonakin inabi su ci 'ya'yansu, ba za su gina wani ya zauna ba, ba za su shuka wani ya ci ba, ba kuwa za a ƙara samun jaririn da zai yi 'yan kwanaki ya mutu ba. Wannan umarnin farko ne ya dawo, haihuwa da noma da mallakar ƙasa, sai dai an cire masa la'ana da zalunci. Har macijin Farawa ya ambata a aya 25, ya ce ƙura ce za ta zama abincinsa. Ni a ganina wannan sura ce ta fi dacewa da ranar, domin duk manomin da aka taɓa ƙwace masa gona, ko wanda ya ci bashin taki har mai bashi ya zo ya auna rabin amfanin tun a masussuka, ya san nauyin kalmar nan ta shuka wani ya ci. Na tuna shekarar da fara ta cinye mana gero, kakarki ta ɗauki ƙwarya guda ta wake, ita ke nan abin da muka samu, ta kai gaban majami'a tana hawaye, ana karanta wannan wuri.

Sauran annabawa ma a kan wannan hanya suke. Mika ya ce za a mayar da takuba su zama garemani, kowa ya zauna a gindin kurangar inabinsa da itacen ɓaurensa ba mai razana shi. Ezekiyel ya ce ƙasar da ta zama kufai za ta koma kamar gonar Aidan. Amos kuwa, a sura 8, ya tsawata wa 'yan kasuwar da ke rage mudu suna ha'inci a ma'auni, kuma ina so ki gane cewa wannan tsawa daga tushe ɗaya take, domin wanda aka ba amanar duniya ba shi da ikon cutar ɗan'uwansa da amfanin da ta bayar. Saboda haka dattawanmu ba sa jin daɗin baikon mutumin da aka san shi da danne mudu a kasuwa, kome yawan buhunan da ya kawo.

Game da zamanki a birni, ki karanta Irmiya sura 29. Wasiƙa ce da ya aika wa Yahudawan da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, mutanen da suka rabu da gonakin iyayensu, suna ta zuba ido ga ranar komawa. Ya ce musu su gina gidaje, su dasa lambuna, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su ƙaru kada su ragu, su kuma nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, suna yi masa addu'a. Ke ba a kai ki Jos a ɗaure ba, amma maganar ta hau kanki: teburinki shi ne gonarki, riƙon amanar takardun mutane kuwa shi ne nomanki.

Don haka ki ware wani abu daga albashinki na watan kaka, ki sa a ambulan ki kawo da hannunki, kada ki aiko. Idan kuma kina so ki shiga layin masu dami, na bar miki kunya uku na gyaɗa a gonar bayan rafi, ki zo da wuri mu cire tare kafin ƙasa ta bushe. Ki gaishe mini da mutanen gidanku.

Kawunki.