Amsa: Kwana uku a Munich ƙarshen Agusta

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kwana uku za su ishe ka a Munich, kuma ko wanda ba ya shan giya zai iya zama a lambunan da Jamusawa ke kira Biergarten. Za su ishe ka, kuma ka zaɓi lokaci mai kyau, domin da bikin Oktoberfest ya kama a Satumba kuɗin masauki sai ya haura sama.

Ranar farko ka je Marienplatz, dandalin tsakiyar birnin, kafin ƙarfe 11 na safe, ka ga 'yan mutum-mutumin agogon ginin majalisar birni suna juyi.

Batun lambun kuwa, kada ya dame ka. Wuri ne na iyali, har da yara da tsofaffi, a kan dogayen benci ƙarƙashin inuwar bishiyoyi. Tun 1812 al'adarsu ta ba mutum damar zuwa da abincinsa, abin sha kawai zai saya. Ni nakan sayi burodi da kaza a shagunan Turkawa na kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, in nemi Apfelschorle, wato ruwan tuffa da soda. Ka kula sosai, naman alade ya yi yawa a abincinsu. In zuciyarka ba ta kwanta da zama inda ake shan giya ba, ciyawar Englischer Garten, babban lambun shaƙatawa na birnin, ta wadatar.

Kada ka rasa zuwa tafkin Starnberg. Jirgin ƙasa na layin S6 zai kai ka cikin kusan minti 40. A nan Sarki Ludwig na biyu na Bavaria, yankin da Munich take, ya rasu a 1886. In gari ya washe za ka hango duwatsun Alps. Ka riƙe rigar sanyi, da yamma iskar tafkin na ratsa jiki.