Riƙon jariri ta hannun hukuma mai zaman kanta: ina kuɗin ke tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni da maigidana muna zaune a Amurka, shekararmu 11 da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Mun yanke shawarar ɗaukar jariri riƙo. Wata hukuma mai zaman kanta ta ce mu tanadi dala 45,000, kuma mu fara biyan 15,000 tun kafin a nuna wa wata mai ciki takardunmu. Cuta ce, ko haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sa alheri a niyyarku. Jimillar da aka faɗa muku ba ta wuce ƙima ba. Ƙiyasin da sashen kula da yara na gwamnatin tarayyar Amurka ya fitar ya nuna riƙon jariri ta irin waɗannan hukumomi yana cin dala 30,000 zuwa 60,000. A ciki akwai kuɗin binciken gida, inda ma'aikaciyar walwalar jama'a za ta zo ta ga ɗakunanku, ta duba lafiyarku da samunku, a ɗauki hoton yatsunku. Akwai ladan lauya da kuɗin kotu, da na tallata ku ga mata masu ciki, da ɗawainiyar ita mai cikin: asibiti, wani lokaci haya da abinci, gwargwadon abin da dokar jiharta ta yarda.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne 15,000 ɗin farko. Ki riƙe wannan da kyau: duk abin da kuka biya ladan aiki ne da kuɗin ɗawainiya, bai ba ku haƙƙi a kan jariri ba. Har sai mahaifiya ta sa hannu bayan ta haihu, ɗa nata ne. A jihar Texas ba za ta sa hannu ba sai an yi awa 48 da haihuwa. A Pennsylvania awa 72 ne, kuma tana da kwana 30 da za ta iya janyewa. Ni dai ban ga laifin wannan doka ba ko kaɗan. Macen da ta yi wata tara da ciki, ta rungumi jaririnta ta ji ba za ta iya rabuwa da shi ba, wa zai ce ta yi laifi?

Amma raɗaɗin da ke biyo baya gaskiya ne. Na san wasu ma'aurata da suka gama shirya ɗaki, ƙaramin gado, riguna a ninke cikin aljihun tebur, har kujerar mota sun ɗaura. Daren da suka yi shirin tafiya asibiti aka kira su cewa mahaifiyar ta fasa. Matar ta yi wata biyu ba ta buɗe ƙofar ɗakin nan ba. Kuɗin haya da na asibiti da suka biya wa mai cikin kuwa ya tafi, domin a jihohi da dama doka na ɗaukarsa kyauta ce, ba bashi ba.

Saboda haka kafin ku sa hannu, ku zaunar da jami'an hukumar ku tambaya: idan haɗin da aka yi muku da mai ciki ya rushe, nawa ne zai dawo, nawa za a mayar kan haɗi na gaba, nawa ne ya salwanta? Amsar ta fito a rubuce cikin yarjejeniya, maganar baki ba ta isa ba. Ku tambayi iyalai nawa ke layi, jarirai nawa suka miƙa bara. In masu jira 200 ne, jariran 30, kin ga lissafin da kanki. Ku nemi lambar lasisinsu ku tabbatar da ita a ofishin jiha, don akwai dillalai a intanet masu kama da hukuma alhali ba su da lasisi. Ku kuma nemi a rarraba biyan kashi-kashi, kowane kashi bayan an gama aikinsa. A farkon 2017 wata tsohuwar hukuma mai suna Independent Adoption Center, wadda cibiyarta ke California, ta rufe ƙofa ba zato, ta bayyana karyewa, ta bar iyalai kusan 2,000 da suka riga suka biya. Lasisi gare ta, kuma ta haura shekara 30 tana aiki. In hukumar da kuke magana da ita ta ƙi a rarraba biyan, ku gwada wata ƙofar.

Tambaya ɗaya kuma da nake so ki yi don Allah: wa ke ba mai cikin shawara, kuma tana da lauyanta daban? Ku guji hukumar da ke matsa wa mace lamba ta sa hannu, domin wata rana yaron zai girma ya tambaye ku yadda aka yi.

Tambaya: Hajiya, an ce mini akwai hanyar da ba a biyan komai. Gaskiya ne?

Amsa: Kusan haka ne, Malam. Ɗaukar yaro daga tsarin riƙon yara na gwamnati kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai, sau da yawa ma jiha ke mayar da abin da ka kashe. Sai dai yawancin yaran sun ɗan tasa, wasu 'yan uwan juna ne da ba a so a raba su, kuma burin farko na tsarin shi ne mayar da yaro wurin iyayensa in hali ya yi. Idan kai da uwargida za ku iya wannan haƙurin, hanya ce mai lada.

Tambaya: Anti, an haɗa mu da wata mai ciki a wata jiha. Me za mu tanada bayan kuɗin hukuma?

Amsa: Madalla, ƙanwata, Allah ya sauke ta lafiya. Ku tanadi kuɗin masauki. Akwai yarjejeniya tsakanin jihohi da ake kira ICPC, wadda ta hana ku tsallaka iyaka da jariri sai ofisoshin jihohin biyu sun amince, kuma hakan kan ɗauki sati ɗaya ko biyu. Za ku kwana a otal da jinjirin kwana uku, kuna wanke kwalbar madara a ɗan ƙaramin famfon banɗaki, don haka ku nemi masauki mai wurin girki. Bayan kun dawo gida ma'aikaciya za ta riƙa zuwa dubiya, kowace ziyara da kuɗinta, har kotu ta tabbatar da riƙon, galibi bayan kamar wata shida.

Ki adana kowane rasiɗi, har na jirgi da na otal. Gwamnatin tarayya na ba da rangwamen haraji kan kuɗin riƙo, wanda ya kai dala 17,280 ga kowane yaro a 2025, kuma a riƙon da ake yi cikin ƙasar Amurka ana iya nemansa ko da haɗin ya rushe. Ki tambayi wurin aikinki ma, dokar hutun iyali ta 1993 ta ba ma'aikatan da suka cancanta sati 12 ba albashi, kuma ta haɗa da masu ɗaukar riƙo.