Amsa ga mai tambaya kan aikin direban jirgin tururi a Sikka Hadid, wato jirgin ƙasa na Sudan

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kakanka ya tuƙa wabur, wato kan jirgin ƙasa mai tururi, tsakanin Atbara da Fot Sudan, kana son sanin yadda ake kaiwa wannan matsayi da abin da aikin ya ƙunsa.

A zamanin jirgin tururi ba a ɗaukar mutum direba kai tsaye. Yaro yakan fara da goge inji a warsha, wato wurin gyaran injuna, yana share maiƙo da toka har ya san kowane ƙarfe da sunansa. Daga nan ya zama atashji, mai kula da wuta, ya yi shekaru a gefen direba. Sai ya ci jarrabawar ƙa'idojin hanya da gwajin ido kafin a ba shi kan jirgi, shi ma a harabar tasha zai fara, yana jera taragu. Jirgin kaya ke biyo baya, na fasinja sai gemu ya fara furfura.

Mutane suna ɗauka gudu ne gwanintar. A'a, ruwa ne. A gaban direba akwai gilashin da ke nuna tsayin ruwan tukunya, kuma dole ruwan ya rufe rufin akwatin wuta koyaushe. In ya sauka, ƙarfen ya yi ja ya yi laushi, tukunya na iya fashewa. Shi ya sa ake dasa toshiyar dalma a rufin: ta narke, tururi ya feso cikin wuta, a san an yi sakaci. Hanyar kakanka tana da tarko a nan. Daga Fot Sudan hawa ake yi cikin duwatsun Bahar Maliya. A hawa ruwa yana komawa baya, gilashi ya nuna a cike, da an juya gangara sai ya kwarara gaba ya bar rufin. Gwani kan ƙara ruwa tun kafin ya kai ƙololuwa. In kuma ya cika fiye da kima, ko ruwan mai gishiri ne ya yi kumfa, sai ya bi tururi ya shiga silinda. Ruwa ba ya matsuwa, murfin silinda ke tsagewa. Don haka ake buɗe famfunan ƙasan silinda lokacin tashi, wannan farin tururin da ke fesowa ta gefe ke nan.

Ga zafin ƙasarmu: in ruwan tanki ya ɗumama, na'urar da ke cusa shi cikin tukunya sai ta ƙi ja. Layin Wadi Halfa zuwa Abu Hamad da aka shimfiɗa a 1897 ya ratsa hamada, tashoshinsa ma lamba gare su ba suna ba, jirgi da taragun ruwansa yake tafiya.

Wajen tashi ana ba silinda tururi kusan kashi uku cikin huɗu na tafiyar fistan, ƙarfen da tururi ke turawa a cikin silinda, in jirgi ya miƙe a rage zuwa wajen kwata, a tsimi ruwa da makamashi. In ƙafafu suka zame, a rufe tururi nan take, a zuba yashi a kan dogo. Layin dogon ɗaya ne, saboda haka direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa tabilet, alamar cewa hanyar tasa ce shi kaɗai har tasha ta gaba. Habub, wato guguwar ƙura, na binne dogo da rairayi, da damina kuma ruwan kwari na kwashe ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

Ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara ne suka kafa ƙungiyarsu a 1946, wadda ta buɗe wa ƙungiyoyin ƙwadago hanya a Sudan. In shekarun kakanka sun faɗa wannan zamani, tambayi dattawan gida ko ya shiga yajin aikin 1947.