Amsa kan undefined da ke fitowa bayan fetch

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan ciwon duk wanda ya taɓa JavaScript a cikinmu ya sha shi. Ka ce ka kira fetch, umarnin da ke karɓo bayanai daga sabar, don ɗauko jerin ɗakunan alhazai a Makka, ka sa return a cikin then, amma console sai undefined, wato babu komai, yake nuna maka, alhali a shafin Network na burauza ga bayanan nan sun iso lafiya.

Kod ɗinka ne bai jira ba. fetch alkawari yake ba ka, wato Promise, bayanan kuwa sai daga baya. Kamar ka aiki yaro Bab Makka ne, kai kuma ka miƙa hannu karɓar saƙo tun bai tsallaka titi ba. Return ɗin cikin then can ya tsaya, bai fito waje ba. Ka sa async a gaban fankishin, await kafin fetch, sai wani await kafin response.json() mai fito da bayanan daga amsar, don shi ma alkawari ne. Duk inda aka kira fankishin ɗin, nan ma sai an yi await. Tun 2017 wannan salon ya shigo harshen, kada ka wahalar da kanka da tsohon tsari.

Amma wallahi ba wannan ne ke hana barci ba. Akwatin bincike ne. Mutum ya rubuta "Ab", buƙata (request) ta tafi sabar, ya ƙarasa "Abubakar", wata ta tafi. Sabis ya yi nauyi, irin na Mina ranakun jifa, sai amsar "Abubakar" ta riga isowa, ta "Ab" ta zo a makare ta shafe ta. A allo sunan da aka nema daban, jerin da ke ƙasa daban. Babu jan rubutu ko ɗaya a console, kuma a kwamfutarka da wuya ya faru, don intanet ɗin ofis yana gudu. Sai ma'aikaci ya ba wani alhaji ɗakin wani, a ce kai ne. Maganinsa AbortController, mai soke buƙatar da ke kan hanya: kafin sabuwar buƙata ka kira abort a kan tsohuwa, a catch, inda ake kama kurakurai, kuma ka kyale AbortError, ba kuskure ba ne. Ka ƙara jinkirin kamar milisakan 300 bayan harafin ƙarshe kafin ka tura. In React ne, abort ɗin a fankishin da useEffect ke mayarwa zai zauna. Gwaji kuwa, rage gudun intanet a DevTools, kayan gwajin da ke cikin burauza, ka gani da idonka.

Af, fetch ba ya faɗawa catch don sabar ta ce 404 ko 500, lambobin kuskure, sai ka duba response.ok da kanka. Masu rubuta ɓangaren sabar da ke dawo da 200, wato komai lafiya, alhali aikin ya lalace, ko su turo shafin HTML a maimakon JSON har ka ga "Unexpected token <", Allah ya shirye su, sun ci mana lokaci ba kaɗan ba.

Kada ka sa await cikin forEach, ba ya jira, for...of za ka ɗauka. Madannin biyan kuɗi kuma ka kulle shi da zarar an danna, ka buɗe a finally, in ba haka ba wani zai danna sau biyu a cire masa riyal ɗinsa ninki. Turo kod ɗin bayan isha'i in duba maka.