Tambayi Makaniki: Fitilun VSC da TRC sun ƙi mutuwa

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina da Toyota RAV4 ƴar 2008, ina yawan bin hanyar Marwa zuwa Kusiri. Tun da damina ta shigo fitilar ABS da VSC da TRC suke kamawa a tablo, allon gaban direba, wani lokaci su mutu da kansu, in na faɗa rami su dawo. A garaj an ce sai na canza bulok ɗin ABS gaba ɗaya, wani kuma ya ce a cire kwan fitilar kawai a huta. Wanne zan bi? Daga wani mai karatu, Marwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka bi ko ɗaya tukuna. Shi mai cewa a cire kwan nan dai Allah ya shirye shi, ciwon na nan, ido kawai aka rufe.

Su ukun nan, ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, VSC mai hana mota zamewa a kwana, da TRC mai hana taya juyawa a banza a kan santsi, abu ɗaya suke dogara da shi, wato kaptar da ke jikin kowace ƙafa tana ƙirga gudun taya, in ɗaya ta daina aika saƙo sai kwamfutar motar ta kashe su duka ta kunna maka fitila. To tunda ka ce rami ne ke dawo da su, ni hankalina ya fi tafiya kan waya ko soket, ba bulok ba, don wayar kaptar tana lanƙwasa duk lokacin da ƙafa ta yi sama da ƙasa, tana iya karyewa daga ciki alhali roba lafiya lau a ido, balle kuma taɓon wajen Mora da Waza da ruwan injin wanki da yara ke fesawa kai tsaye cikin soket.

Ka fara da batir don shi ya fi araha. Mota a kashe ya nuna wajen volt 12.6, in tana aiki 13.5 zuwa 14.5. A duba kan batir da wayar mas (wadda ke haɗa batir da jikin mota) da fyus, zafin Marwa ba ya barin batir ya tsufa da mutunci.

Sannan a sa mata valiz, wato na'urar da ke karanta lambar matsala daga kwamfutar mota, amma wadda ke shiga ɓangaren ABS, ƴar ƙaramar nan ta wayar salula galibi injin kaɗai take karantawa. A Toyota C0200 ƙafar gaba ta dama ce, C0205 gaba ta hagu, C0210 da C0215 na baya, C1241 kuma ƙarancin wuta. Ka sa a rubuta maka lambar kafin a goge. Mai valiz ɗin ya shiga motar ku ɗan zagaya yana kallon gudun ƙafafun huɗu, wadda ta faɗi sifili ko take tsalle ita ce mai laifin. In waya lafiya, a duba boris ɗin ƙafar ko ya yi wasa.

Baka faɗa min ko fitilar injin ma tana kunne ba. In tana kunne labari ya canza, Toyota da yawa suna kashe VSC da TRC da zarar injin ya kawo matsala, kuma man zuwa-zuwa na bakin titi in ya gurɓata yana jawo haka. Tayoyin gwanjo masu girma daban-daban ma suna rikita lissafin, haka in an taɓa sitiyari ko an yi saitin ƙafa ba a sake saita kaptar sitiyarin da valiz ba.

Kafin a gyara birkinka na nan yana kamawa, sai dai babu ABS, taya na iya kullewa a kan santsi, don haka ka rage gudu in an yi ruwa. In jar fitilar birki ta haɗu da su kuwa, ka tsaya ka duba man birki nan take.