Raunin gani ne ke sa 'yan wasan NFL sakin ƙwallo?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina bin gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wato NFL, a talabijin. Abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda ƙwararren ɗan wasa, wanda ake biyan sa miliyoyin daloli don ya cafe ƙwallo, za a jefo masa ita har cikin hannu ta suɓuce. Wani abokina ya ce yawancinsu matsalar ido ce, da an yi musu aikin leza shi ke nan. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, abokinka ya taɓo gaskiya, amma ya yi mata ƙari. Raunin gani yana sa a saki ƙwallo, kuma an ga 'yan wasan da aka gano musu shi bayan sun daɗe suna wasa. Sai dai ba shi ne ke jawo mafi yawan suɓucewar da kake gani ba, kuma gyara ido bai taɓa zama tabbacin gyaruwar hannu ba.

Duba aikin da ke gaban idon. Ƙwallon tana da tsawon kusan santimita 28, ba zagayayya ba ce, tana tafe tana juyawa. Mai jifa mai ƙarfin hannu yakan sake ta da gudun da ya kai kilomita 90 a sa'a, don haka jifar yadi 20 ba ta cin daƙiƙa ɗaya. Shi kuwa mai cafewar gudu yake yi, sau da yawa ya ba mai jifar baya, sai ya waiwayo ya tarar ƙwallon ta riga ta yi rabin hanya. Kansa na girgiza cikin hular kwano, ƙarafunan gaban hular sun tare masa wani sashe na gani, ga wani ƙato yana tahowa ya buge shi. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da hannu zai amsa akwai jinkirin kusan kashi biyu cikin goma na daƙiƙa, kuma a wannan ɗan tsakanin ƙwallon ta ci mita huɗu zuwa biyar. Ke nan hannu ba ya zuwa inda ƙwallon take, yana zuwa ne inda ƙwaƙwalwa ta ƙiyasta za ta iso. Mai tsaron gida a ƙwallon da muka saba da ita ya san wannan idan ana bugun fenareti.

Allon haruffan da muke sa mutum ya karanta a asibiti, wanda ke ba mai lafiyayyen gani sakamakon 6/6, ko 20/20 a lissafin Amurkawa, ba ya auna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutum a zaune, haruffa a tsaye, baƙi a kan fari, haske wadatacce. A fili kuwa ana bukatar ido ya riƙe abu mai motsi alhali kai ma na motsi, idanu biyu su haɗu wuri guda yayin da abin ke matsowa, sannan a iya rarrabe ƙwallo mai launin ƙasa daga taron 'yan kallo ko daga hasken fitilun dare. Ana samun mai 6/6 da yake da rauni a nan.

Tarihin gasar kansa ya ƙaryata zancen cewa sai mai lafiyayyen ido ke iya cafewa. Raymond Berry na Baltimore Colts, abokin wasan shahararren mai jifa Johnny Unitas, ganinsa ba shi da ƙarfi, da gilashin nan da ake liƙawa a ƙwayar ido yake wasa. Duk da haka ya cafe ƙwallo 12 a wasan ƙarshe na 1958, kuma ya yi ritaya bayan kakar 1967 da cafewa 631, adadin da babu wanda ya kai a lokacin. An san shi da naci wajen atisaye, har da sa a riƙa jefo masa ƙwallo a karkace da gangan don ya saba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Wesley Walker na New York Jets, wanda kusan ba ya gani da idon hagu, amma ya yi wasa daga 1977 zuwa 1989, ya cafe ƙwallo 438, kuma a jifa mai nisa ya yi suna. Bayanin ba boyayye ba ne. Amfanin haɗa idanu biyu wajen gane nisan abu ya fi ƙarfi idan abin yana kusa. Daga nesa kuwa ƙwaƙwalwa ta fi dogara da yadda hoton ƙwallon ke ƙara girma a ido yayin da take matsowa, kuma ido ɗaya ya isa ya ba da wannan. Wanda ya taso da ido ɗaya tun yana yaro ƙwaƙwalwarsa ta riga ta koyi aiki da shi. Babba da ya rasa ido kwatsam ba haka lamarinsa yake ba.

A ɗaya ɓangaren akwai Troy Williamson, wanda Minnesota Vikings suka ɗauka a matsayi na bakwai a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2005 don ya maye gurbin shahararren mai cafewarsu Randy Moss. Gudu kamar walƙiya, amma ƙwallo ba ta zama a hannunsa. A 2007 ya je wurin ƙwararrun gani na kamfanin Nike, aka ɗora shi kan atisayen ido, aka yi ta sa rai. Suɓucewar ba ta daina ba, a 2008 ƙungiyar ta miƙa shi ga Jacksonville. Ba na cewa gwajin da aka yi masa ƙarya ne. Abin da na ɗauka shi ne idan ɗan wasa ya fara tsoron ƙwallon, yana jiran ihun 'yan kallo tun kafin ta iso, atisayen ido kaɗai ba ya warkar da shi.

Masu horarwa suna da nasu bayanin, kuma idan ka kalli maimaicin wasa a hankali za ka ga sun fi gaskiya: ɗan wasa ya ɗauke ido daga ƙwallon kafin ta shiga hannu, domin yana neman hanyar gudu ko yana duban mai tahowa ya buge shi. Wani kuma yakan bari ta bugi ƙirjinsa maimakon ya miƙa hannu ya tare ta da yatsu. Akwai ruwan sama, akwai sanyin da ke sandarar da yatsu, akwai kuma sabo. A wasannin share fage na 2021 Ja'Marr Chase na Cincinnati Bengals ya yi ta sakin ƙwallo, ya ce ta NFL ta fi wuyar gani domin ba ta da fararen zanen da ke jikin ta jami'a. Aka yi masa dariya, alhali maganarsa tana da tushe, don zanen yana taimaka wa ido ya ga juyawar ƙwallon. Ba a taɓa idonsa da wuƙa ba, ya saba kawai, ya gama kakar da yadi 1,455 na nisan da aka ci da ƙwallayen da ya cafe, aka ba shi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasan gaba.

Zancen leza ya yi ƙarfi ne saboda Jameis Winston, shi kuwa mai jifa ne, ba mai cafewa ba. A 2019 abokan hamayya sun tare jifarsa sau 30, a farkon 2020 aka yi masa aikin lezar ido da ake kira LASIK saboda ba ya ganin abu mai nisa sosai. A 2021 sau 3 kawai aka tare masa cikin wasa bakwai, amma a lokacin ya sauya ƙungiya da mai horarwa, kuma a 2024 tare da Cleveland adadin ya sake hawa zuwa 12. Aikin yana gyara lanƙwasar farin madubin gaban ido, ba ya gyara shawarar da mutum zai yanke cikin rabin daƙiƙa. Yana kuma iya barin bushewar ido da ganin kewayen haske a jikin fitilu da dare, abin da bai dace da mai wasa ƙarƙashin fitilun fili ba. Domin LASIK yana ɗaga ɗan marfi a gaban ido wanda duka zai iya gusarwa, likitoci da dama sun fi son PRK, wani aikin lezar da ba a ɗaga marfin, ga masu wasan karo, ko da yake ya fi jinkirin warkewa.

Inda nake ɗaukar zargin ido da muhimmanci shi ne idan ɗan wasa mai tabbataccen hannu ya fara saki kwatsam, musamman bayan ya bugu a ka. Girgizar ƙwaƙwalwa takan taɓa yadda idanu biyu ke haɗuwa a kan abu na kusa da yadda suke bin abu mai motsi, kuma hakan kan daɗe bayan ciwon kai ya tafi, mutum yana karanta allon haruffa har layin ƙasa. Irin wannan ɗan wasan za a auna masa haɗuwar idanun da saurin tsallensu daga wuri zuwa wuri, a kwatanta da sakamakonsa na kafin fara kaka, sannan a yi maganar komawa fili.